Shin Wata Na Da Hannu A Girgizar Ƙasa?

 

A makon jiya, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata da ke karatu a Abuja ya kira ni a waya, muryarsa na rawa. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Kawu, don Allah gaskiya ne in wata ya cika ranar sha huɗu za a yi girgizar ƙasa? An turo mana saƙon murya a WhatsApp, wai wani masani Bature ne ya yi hasashe. Abokan kwanana har sun ce a waje za su kwana." Na ce masa ya shiga ɗaki ya yi addu'a ya kwanta, sauro da ɓarayin waya sun fi wata zama barazana ga mai kwanan waje. Ya yi dariyar yaƙe, muka yi sallama. Amma da na ajiye waya sai na ga ban kyauta masa ba, domin tambayarsa ta cancanci amsa mai hujja, kuma ita kanta tambayar ta daɗe tana ɗaukar hankalin manyan masana. Saboda haka yau za mu bi ta daki-daki: me ke haddasa girgizar ƙasa, kuma ina gurbin wata a cikin lamarin?

Tun muna yara mun ji ana cewa duniya a kan ƙahon wani gawurtaccen sa take, in ya gaji ya mayar da ita ɗaya ƙahon, sai ƙasa ta motsa. Kowace al'umma tana da irin nata labarin. Mutanen Japan na dā sun ɗora laifin a kan wani ƙaton tarwaɗa da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Masanin falsafar Girka, Aristotle, ya ce iska ce ke maƙalewa a kogunan ƙasa tana neman mafita. Malaman Musulunci ma ba su bar fagen ba: Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi musayar wasiƙu da sarakunan wannan yanki namu, ya wallafa littafi guda da ya tattara tarihin girgizar ƙasa da aka yi a ƙasashen Musulmi, shekara bayan shekara. Bayanin da masana suka tsaya a kansa a yau kuwa, bai daɗe da kankama ba.

Ƙasar da muke takawa ɓawo ne siriri a kan wata dunƙulalliyar halitta. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta akwai kimanin kilomita 6,371, amma kaurin ɓawon bai wuce kilomita 5 zuwa 10 ba a ƙarƙashin teku, da kilomita 30 zuwa 70 a ƙarƙashin nahiyoyi. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, wanda yake yankin Kola a Rasha, ya ɗan haura kilomita 12 ne kawai. Wannan ɓawo, haɗe da ɓangaren dutse mai tauri da ke manne da shi daga ƙasa, a farfashe yake kamar ƙwaryar da ta faɗi aka sake harhaɗa sakainunta. Waɗannan manyan sakainu su masana ke kira farantan ƙasa. Akwai farantin Afirka, da na Larabawa, da na Indiya, da na tekun Pasifik, da sauransu. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi wanda, duk da ba ruwa ba ne, yana miƙewa yana tafiya sannu a hankali kamar kwalta a tsakar rana. A kansa farantan ke tafiya, wasu santimita 2 a shekara, wasu har kusan 10. Wato dai kwatankwacin saurin da farcen mutum ke tsiro.

Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ne ya fito da ra'ayin cewa nahiyoyi na tafiya a shekarar 1912. Ya lura da yadda gaɓar yammacin Afirka da ta gabashin Kudancin Amurka suka dace da juna, kamar gefe biyu na takardar da aka yaga. An yi masa dariya har ya mutu a 1930, sai a shekarun 1960 da aka auna ƙasan teku aka tabbatar da gaskiyarsa. Kwarin Binuwai da ke ƙasarmu ma tabo ne na waccan rabuwa, tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da nahiyoyin biyu ke rabuwa, sannan ta tsaya.

To, ta yaya tafiyar da ba ta fi tsiron farce ba za ta rushe birni? Amsar tana bakin iyakar farantan. A inda biyu suka haɗu, ko dai suna rabuwa, ko suna gogar juna ta gefe, ko ɗaya na kutsawa ƙarƙashin ɗaya. Duwatsun bakin iyakar ba su da santsi, sai su cije da juna, alhali sauran jikin farantin na ci gaba da turowa. Ka ɗauki kara ka riƙa lanƙwasa shi a hankali: zai yi ta jurewa, yana tara ƙarfi, har zuwa lokacin da zai karye farat ɗaya, ka ji zafin a tafin hannunka. Haka dutse ke yi, sai dai nasa lanƙwason kan ɗauki shekara ɗari, ko ɗari biyar, ko dubu. Ranar da ya kasa jurewa, sai ɓangarorin biyu su zame a cikin daƙiƙoƙi, ƙarfin da aka tara tsawon ƙarnuka ya watsu ta cikin ƙasa kamar yadda ruwan tafki ke yin zobba in an jefa dutse. Wannan ita ce girgizar ƙasa. Masani Harry Fielding Reid ne ya fito da wannan bayani bayan ya nazarci girgizar da ta ragargaza birnin San Faransisko na Amurka a 1906, inda aka ga shingayen gonaki sun rabu biyu, kowane ɓangare ya goce daga ɗan'uwansa da mitoci.

Wannan ne dalilin da ya sa girgizar ƙasa take da unguwanninta. Kusan kashi 90 cikin ɗari na faruwa ne a kewayen tekun Pasifik, daga Chile zuwa Alaska zuwa Japan da Indunusiya. Wani layin kuma ya taso daga Bahar Rum ya ratsa Turkiyya da Iran har tsaunukan Himalaya. Girgizar Turkiyya da Siriya ta ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, wadda ta hallaka fiye da mutum 50,000, ciki har da ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu, ta auku ne saboda farantin Larabawa na tura na Anatoliya shekara da shekaru. Game da makin nan da ake ambata, wanda Charles Richter ya fara tsarawa a 1935, ya kamata a san cewa ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32. Girgiza mai maki 8 ta ninka mai maki 6 kusan sau dubu. Mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa ita ce ta Chile a 1960, mai maki 9.5.

Yanzu mu ɗaga kai mu dubi wata. Masu cewa yana da tasiri a kan duniya ba su yi ƙarya ba. Wata na nesa da mu da kimanin kilomita 384,400, kuma ƙarfin jansa ne ke sa teku ya tumbatsa ya janye kusan sau biyu a kowace rana, abin da duk wanda ya zauna a bakin ruwa a Legas ko Kalaba ya gani da idonsa. Rana ma na yin nata jan, sai dai tasirinta a wannan fanni bai kai rabin na wata ba, saboda nisanta. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, wato a ƙarshen wata dab da tsayuwar sabo, da kuma tsakiyarsa lokacin da ya cika, sai jan biyun ya haɗu, tumbatsar ta fi ƙarfi. A lura cewa haske ba shi da ruwa a nan. Watan daren sha huɗu bai fi jinjirin wata nauyi ba, matsayinsa ne kawai ya sauya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, busasshiyar ƙasa ma na yin wannan numfashi. A kowace rana doron ƙasar da muke kai yana ɗagawa yana sauka da kimanin santimita 30, mu da gidajenmu da duwatsunmu baki ɗaya, shi ya sa ba ma ji. Tunda kuwa wata na iya lanƙwasa dutse, ba wauta ba ce mutum ya tambaya ko yana iya karya shi.

Sai dai in aka zo lissafi, sai a ga rata mai yawa. Matsin da jan wata ke ƙara wa dutse kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na matsin da dutsen ke saki a lokacin girgiza. Ƙari a kan haka, jan wata zuwa yake yi ya koma, ya matsa na 'yan sa'o'i ya saki, ba ya taruwa. Turin farantai kuwa hanya ɗaya ya nufa, ba ya hutawa, kullum ƙaruwa yake. Saboda haka ƙarfin da ke rushe birane daga cikin ƙasa yake fitowa. Iyakar abin da wata zai iya shi ne ya zama ɗan zunguri na ƙarshe ga tsagar da dā ma ta kai maƙura. Hausawa na cewa mai neman kuka aka jefe shi da kashin awaki. Nunannen mangwaro kan faɗo in iska ta kaɗa, amma ba iskar ce ta nunar da shi ba, kuma ko ba ta kaɗa ba, gobe ko jibi zai faɗo.

Shin wannan ɗan zunguri yana bayyana a ƙididdiga? Masana sun fi shekara ɗari suna bincike. A 2004 Elizabeth Cochran da abokan aikinta suka gano cewa a wasu wurare na bakin teku, inda faranti ke kutsawa ƙarƙashin wani kuma tumbatsar teku ke da girma, girgiza ta ɗan fi aukuwa a sa'o'in da nauyin ruwa ke taimaka wa tsagar ta zame. A 2016 Satoshi Ide na Jami'ar Tokyo da abokansa suka wallafa nazari da ya nuna cewa yiwuwar ƙaramar girgiza ta bunƙasa ta zama babba tana ɗan ƙaruwa a kwanakin da jan wata da rana ya yi ƙarfi. Cikin misalansu akwai girgizar Sumatra ta 26 ga Disamban 2004, wadda ambaliyar tekun da ta biyo bayanta ta ci rayuka fiye da 220,000, da ta Chile ta 27 ga Fabrairun 2010, duka biyun sun zo ne wata na cike. Sai kuma a 2018 Susan Hough ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ɗauki manyan girgiza 204 masu maki 8 zuwa sama, tun daga ƙarni na 17, ta jera su a kan kwanakin wata don ta ga ko sun fi son wata rana. Inda aka saba rubuta taƙaitaccen sakamakon bincike a sakin layi guda, ita kalma ɗaya ta rubuta: a'a.

Waɗannan sakamako ba su ci karo da juna ba, kamar yadda za a zata. Na farko da na biyu na cewa akwai ɗan tasiri siriri, a wasu nau'o'in tsaga, wanda sai an tara dubban girgiza an yi lissafi mai zurfi kafin a hango shi. Na uku na cewa tasirin bai kai girman da mutum zai dubi kalanda ya ce ga ranar haɗari ba. Duka biyun gaskiya ne.

To me ya sa labarin ke karɓuwa haka a wurin jama'a? Domin zuciya na riƙe abin da ya dace, ta mance wanda ya saɓa. Girgizar Turkiyya ta zo ranar 15 ga Rajab, kwana ɗaya bayan cikar wata, kowa ya ambata. Amma ta Maroko ta 8 ga Satumban 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000 a tsaunukan Atlas, ta zo ne a goman ƙarshe na Safar, wata ya koma ƙasa da rabi, a kwanakin da jansa da na rana ba su haɗu ba, ba wanda ya ce uffan. Ta Japan ta 11 ga Maris na 2011 ma an yi ta alaƙanta ta da kusantowar wata, alhali a ranar watan bai wuce kwana bakwai ba, kuma sai ranar 19 ga Maris ya yi kusantowar da ake magana. Ga kuma wani ɗan lissafi da kowane ɗalibi zai iya yi. Masu hasashe kan ce girgiza za ta zo kwana uku kafin cikar wata ko bayanta, haka ma a ƙarshen wata. Kwana bakwai sau biyu, sha huɗu ke nan daga cikin 29 ko 30, kusan rabin wata. Tunda a matsakaici ana samun girgiza mai maki 7 zuwa sama kusan 15 a shekara, wajen rabinsu dole su faɗa cikin waɗannan kwanaki ko da wata ba ya nan. Wanda ya yi jifa a kasuwa ai ba gwanin saiti ba ne don ya sami wani.

Tarihi ya nuna abin da irin wannan hasashe ke jawowa. Wani Ba'amurke mai suna Iben Browning ya yi amfani da lissafin jan wata da rana ya ce akwai babbar yiwuwar girgiza a yankin New Madrid na jihar Misuri a wajen 3 ga Disamban 1990. Aka rufe makarantu, wasu suka bar garuruwansu, 'yan jarida suka cika garin, ranar ta zo ta wuce ko ganye bai motsa ba. A Ghana, cikin Janairun 2010, 'yan kwanaki bayan bala'in Haiti, saƙon waya ya fitar da dubban mutane daga gidajensu cikin dare suka kwana a fili saboda girgizar da ba ta zo ba. A zamaninmu kuma ga Frank Hoogerbeets ɗan ƙasar Holan, wanda ya yi suna saboda kwana uku kafin girgizar Turkiyya ya rubuta cewa ko ba daɗe ko ba jima za a yi babbar girgiza a yankin. Masana sun daɗe da sanin haka, kuma magana irin wannan ba ta ƙunshi rana ba. Shi kuwa dogaronsa a kan jeruwar taurari ne, alhali Zara matar wata, wadda ta fi kowace duniya kusantowa gare mu, tasirin janta a nan bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wata ba. Har yau babu masani ko hukumar da ke iya faɗin rana da wuri da girman girgizar da za ta zo. Abin da ake da shi a Japan da Meziko da wasu ƙasashe shi ne na'urorin da ke jin girgizar bayan ta fara, su aika gargaɗi 'yan daƙiƙoƙi kafin mummunan kaɗawar ta iso.

Wani abin sha'awa shi ne, in ana neman wanda ake girgizawa da ƙarfin ja, to wata ne ya fi cancanta ya yi ƙorafi. Na'urorin da 'yan sama-jannatin Apollo suka dasa a kansa, waɗanda suka yi aiki daga 1969 zuwa 1977, sun naɗi dubban girgiza a can cikin zurfinsa, masu zuwa daidai da zagayensa na duniya. Dalili kuwa duniya ta ninka shi nauyi sau 81.

Mu dawo gida. Najeriya da Nijar na zaune a tsakiyar farantin Afirka, nesa da bakin iyakarsa, wannan kuwa ni'ima ce babba. Amma nisa da iyaka bai zama kariya ɗari bisa ɗari ba, domin akwai tsofaffin tsagogi a ƙarƙashinmu da kan motsa jefi-jefi. Birnin Akara ya sha girgiza mai kisa a watan Yunin 1939, arewacin Gini ya yi asarar ɗaruruwan rayuka a Disamban 1983. A nan gida an ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016, da Mpape a Abuja a Satumban 2018, har hukumomi suka dakatar da fasa duwatsu a yankin na wani lokaci. Muna da cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a garin Toro na jihar Bauchi, kuma irin waɗannan cibiyoyi ne ya kamata a saurara, a kuma wadata su da kayan aiki. Hannun ɗan Adam ma kan tsokano girgiza: nauyin ruwan madatsar Koyna a Indiya ana danganta shi da girgizar 1967 da ta kashe mutum kusan 180, haka haƙar iskar gas a Groningen ta Holan ta yi ta tsattsaga gidajen jama'a har aka rufe filin.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. A shekarar 2010 girgiza mai maki 7.0 ta auka wa Haiti, mutum fiye da 100,000 suka mutu. Bayan mako shida da 'yan kwanaki mai maki 8.8 ta auka wa Chile, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi kusan sau 500, waɗanda suka mutu ba su kai 600 ba. Babban abin da ya raba su shi ne ingancin gini da bin dokarsa. Mu kuwa gine-ginenmu ba sa jiran girgiza kafin su faɗi. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40. Ginin wata makaranta a Jos ya danne ɗalibai a Yulin 2024, rayuka 22 suka salwanta. Ba wata, ba tauraro, ba motsin ƙasa. Buhun siminti guda da ake buga bulo fiye da ƙima da shi, da rodin da aka rage, da jami'in da ya sa hannu a takarda bai je wurin ba, su ne abin tsoro. In ginin da ba a taɓa shi ba yana faɗuwa da kansa, ina ga ranar da ƙasa ta ɗan yi gyaran murya? Mu riƙa zargin wata alhali ga wannan a gabanmu, an bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Sanin sababi bai kore ikon Mai sababi ba, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana mu roƙon ruwa ba. Amma an umarce mu da tantance labari kafin mu yaɗa shi, da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Duk saƙon da ya zo maka da ranar girgizar ƙasa, ka sani mai shi ya faɗi abin da bai sani ba, kada ka tura wa kowa. In kuwa ka taɓa jin ƙasa na motsi kana cikin ɗaki, ka durƙusa ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka kare kanka, ka nisanci taga da kabad. In kana waje, ka nufi fili, nesa da katanga da wayoyin lantarki.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, na sake kiran sa washegarin daren sha huɗu. Ya ce lafiya lau suka tashi, sai dai biyu daga cikin waɗanda suka kwana a waje na fama da mura. Na ce masa ya bar duban sama, ya je ya dubi bangon ɗakin kwanansu da kyau, in ya ga tsaga ya kai rahoto ga masu kula da ginin.

Allah Ya kare mu daga bala'in da ke sama da wanda ke ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.